Arp 220: Nazari Kan Birnin Taurarin Da Ƙura Ta Lulluɓe

A shekarar 1966 wani masanin taurari ɗan Amurka mai suna Halton Arp ya wallafa kundin hotunan biranen taurari 338 waɗanda siffarsu ta saɓa wa abin da aka saba gani, kuma da yawa daga cikin hotunan an ɗauke su ne da babban madubin hangen nesa na tsaunin Palomar da ke Kalifoniya. Birnin taurari, ko galaksi, tarin biliyoyin taurari ne tare da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda, irin wanda Ranarmu take ciki, wato Milky Way. Na 220 a jerin Arp ba shi da wani abin burgewa a ido, domin dusu-dusun haske ne marar tsari a sashen sama da ake kira Serpens, ga wani baƙin layi da ya ratsa tsakiyarsa, nisansa daga gare mu kuwa tafiyar haske ce ta kimanin shekara miliyan 250. An sa masa lamba an wuce, kuma ya yi shekaru babu wanda ya damu da shi sosai.

A ranar 25 ga Janairun 1983 aka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, aikin haɗin gwiwar Amurka da Holan da Birtaniya, domin ya auna hasken ƙasa-da-ja daga kusan dukkan sassan sama. Wannan haske igiyarsa ta fi ta jan haske tsawo, ido ba ya ganinsa, amma duk wani abu mai ɗan ɗumi yana fitar da shi. William Herschel ne ya gano shi a 1800, lokacin da ya tarwatsa hasken rana da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launi, sai ya ga zafi ya ƙaru a inda babu wani launi da ake gani. Mafi yawan wannan haske ba ya aunuwa daga doron ƙasa, saboda tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye shi, kuma na'urar kanta tana fitar da irinsa muddin ba a sanyaya ta ba. Shi ya sa aka sanyaya madubin IRAS, wanda faɗinsa bai cika santimita 60 ba, da ruwan hiliyam, ya yi aiki na wata 10 kafin hiliyam ɗin ya ƙare, yana auna sama a tsawon igiya huɗu, wato maikiromita 12 da 25 da 60 da 100 (maikiromita 1 kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita).

Da aka zauna kan bayanan, sai a 1984 Tom Soifer na jami'ar Caltech da abokan aikinsa suka bayyana cewa wannan dusu-dusun na Arp yana fitar da makamashin da ya haura na Rana tiriliyan 1, wato ya ninka hasken Milky Way gaba ɗayansa sau gommai, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na makamashin yana fitowa ne a matsayin hasken ƙasa-da-ja. Abin da madubin Palomar ya ɗauka, ashe, ɗan abin da ya tsiyayo ne ta gefen ƙura. Daga nan aka buɗe sabon aji na biranen taurari: waɗanda haskensu na ƙasa-da-ja ya haura na Rana biliyan 100 ana taƙaita sunansu da LIRG, waɗanda suka haura tiriliyan 1 kuma ULIRG. Arp 220 shi ne mafi kusa da mu a aji na biyu, kuma wannan kusancin ne ya mai da shi zakaran gwajin dafi, har ya zamana kusan duk abin da aka daɗe ana faɗa game da ire-irensa na can nesa daga gare shi aka aro. Aron ya yi amfani matuƙa, amma ya kuma karkatar da fahimta na tsawon shekaru, kuma waɗannan ɓangarori biyu su ne abin dubawa a nan.

Karon birane biyu

Ƙurar sararin samaniya ƙananan ƙwayoyi ne na siliket da kabon, akasarinsu ba su kai maikiromita 1 ba, kuma nauyinsu duka bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin iskar gas ɗin da suke ciki ba. Ƙura ba ta samar da makamashi da kanta, abin da take yi shi ne ta karɓa ta sauya masa kama. Tauraro mai nauyin Rana 20 yana ƙone kansa cikin kimanin shekara miliyan 10, yana haskakawa fiye da Rana sau dubun-dubatar, kuma mafi yawan haskensa na sama-da-shunayya ne, wato hasken da igiyarsa ta fi ta launin shunayya gajarta, wanda ƙura ta fi saurin haɗiyewa. Idan irin waɗannan taurari suna binne a cikin gajimaren da ya haife su, ƙurar takan ɗumama zuwa wajen digiri 220 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ta fitar da abin da ta sha a matsayin hasken ƙasa-da-ja, wanda a Arp 220 ya fi ƙarfi a kusa da maikiromita 60. Tun da manyan taurari ba sa daɗewa, yawan wannan haske ma'auni ne na yawan taurarin da ake haifa a yanzu. A Milky Way, nauyin sababbin taurarin da ake samu a shekara bai wuce na Rana 1 zuwa 2 ba. A Arp 220 lissafi yana kaiwa kimanin 200.

Dalilin wannan gaggawa yana bayyane a dogayen wutsiyoyin taurari masu dusashen haske da suka miƙe daga jikin birnin. Tun a 1972 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka nuna da kwaikwayon kwamfuta cewa irin waɗannan wutsiyoyi suna samuwa ne idan birane biyu masu siffar faifai suka gifta juna, ƙarfin janyowar kowannensu ya fizgo taurarin gefen ɗan'uwansa. Arp 220 birane biyu ne da suka fara karo kimanin shekara miliyan 700 da suka wuce, kuma yanzu sun kusa gama haɗewa. A irin wannan karo taurari ba sa bugun juna, domin tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa ƙwarai idan aka gwada da girmansu. Iskar gas ce take gamuwa da 'yar'uwarta, ta matsu, ta rasa ƙarfin juyawar da ke riƙe da ita a kewayen birnin, sai ta zubo tsakiya. Joshua Barnes da Lars Hernquist sun nuna hakan dalla-dalla a 1991, inda kwaikwayonsu ya tara babban kaso na gas ɗin birane biyu a ɗan ƙaramin wuri cikin lokaci kaɗan.

Abin da aka auna a Arp 220 ya dace da wannan lissafi. Madubin Hubble ya ƙirga manyan curin taurari fiye da 200 a wani yanki mai faɗin tafiyar haske ta shekara 5,000, kuma gas ɗin da ke cikin wannan yanki ya kai yawan wanda ke cikin Milky Way duka, alhali faɗin Milky Way ya kai na shekara 100,000.

Abin da ke cikin cibiyoyin

A can tsakiya, cibiyoyin biranen biyu na asali ba su riga sun narke cikin juna ba. Tazarar tafiyar haske ta kimanin shekara 1,200 ce a tsakaninsu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kowacce tana da nata faifan gas mai faɗin 'yan ɗaruruwan shekarun haske, kuma binciken da Kazushi Sakamoto ya jagoranta a 1999 ya nuna cewa faya-fayan biyu suna juyawa ne ta fuskoki masu saɓa wa juna. Mafi yawan hasken Rana tiriliyan ɗin nan daga waɗannan ƙananan wurare biyu yake fitowa, musamman ta yamma, wadda ta fi matsewa kuma ta fi zafi.

Alamar farko ta cewa akwai wani abu da ba a saba gani ba a wurin ta riga IRAS zuwa da shekara guda. A 1982 Willem Baan da abokan aikinsa, suna aiki da katafaren faifan rediyo na Arecibo da ke Puerto Rico, suka ji wata sigina mai ƙarfi ƙwarai a tsawon igiya na santimita 18, wadda ƙwayoyin sinadarin haidiroksil suke fitarwa. An san irin wannan sigina a gajimaren Milky Way, amma ta Arp 220 ta ninka su sau miliyoyi, kuma ita ce ta farko da aka gano a wannan mataki. Daga baya aka gane cewa tsananin hasken ƙasa-da-ja ne yake zaburar da ƙwayoyin, wato siginar tana shelanta abin da IRAS zai zo ya auna.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi, a ganina, ita ma daga rediyo ta zo, domin igiyar rediyo tana ratsa ƙura ba tare da wata matsala ba. Idan aka haɗa faya-fayan rediyo da ke nahiyoyi daban-daban suka kalli wuri guda a lokaci guda, sukan yi aiki tamkar na'ura ɗaya mai faɗin duniya. Da wannan dabara ce a 1998 aka ga cewa cibiyoyin Arp 220 cike suke da 'yan ɗige-ɗigen haske, aka kuma ci gaba da dubansu na kusan shekara 20, ana ganin wasu suna dusashewa wasu sababbi suna bayyana, har adadin waɗanda aka ƙirga ya kai 97 a rahoton 2019. Waɗannan ɗige-ɗige fashewar manyan taurari ce, wadda ake kira sufanoba, da kuma ɓaraguzan da suka bari. An ƙiyasta cewa taurari kimanin 4 suke fashewa a wurin kowace shekara. A Milky Way abin bai wuce sau ɗaya ko biyu a ƙarni guda ba, kuma rabon da a ga irinsa da ido a cikin birninmu tun 1604. Tun da tauraro sai ya kasance babba yake mutuwa ta wannan hanya, kuma babba ba ya daɗewa, ƙidayar gawawwakin ta tabbatar kai tsaye cewa haihuwar taurarin da aka lissafa daga hasken ƙura gaskiya ce.

Yawan abin da ya rufe cibiyar yamma sai da aka gina ALMA sannan aka iya auna shi. ALMA tarin faya-fayai 66 ne a kan tudun Chajnantor da ke hamadar Atacama a ƙasar Chile, mita 5,000 sama da teku, inda iska ta bushe ƙwarai. A 2017 Nick Scoville da abokan aikinsa suka auna ƙurar cibiyar da shi, suka samu cewa idan aka ɗauki fili mai tsawon santimita 1 da faɗin santimita 1, aka bi shi a miƙe ta tsakiyar cibiyar, gas da ƙurar da ke kan wannan siririn layi sun kai nauyin giram 900. Katangar kankare sai kaurinta ya kusa mita 4 kafin ta tara wannan nauyi a kan fili irin wannan. Hasken da ido ke gani ba shi da hanyar fita, hasken eksire ma ba shi da ita, har shi kansa hasken ƙasa-da-ja sai ƙura ta sha shi ta sake fitarwa sau da yawa kafin ya kai waje.

Wannan katanga ce ta sa aka shafe shekaru ana ja-in-ja kan wata tambaya guda: shin taurari ne kaɗai suke ɗumama ƙurar, ko kuwa akwai katafaren baƙin rami, wato wurin da ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa, da ke haɗiyar gas a ɓoye? Kusan kowane babban birnin taurari yana da irin wannan rami a cibiyarsa, kuma idan gas yana zuba cikinsa yakan yi zafin da zai haskaka fiye da taurarin birnin duka, abin da ake kira kwezar. Masu ganin akwai shi a farke a Arp 220 suna kafa hujja da yadda makamashi mai yawa yake fitowa daga wuri ƙanƙani, da kuma gas ɗin da ALMA ya gani a 2018 yana tsartuwa daga sama da ƙasan faifan yamma da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa fashe-fashen taurari sun isa su tura wannan gas, kuma alamomin da baƙin rami ya saba bari a cikin haske ba su bayyana ƙarara ba. Binciken da Reinhard Genzel ya jagoranta a 1998 da tauraron ɗan'adam na Turai mai suna ISO ya nuna cewa a mafi yawan biranen wannan aji haihuwar taurari ce take da rinjaye. Hoton da madubin James Webb ya ɗauka, wanda aka fitar a Afrilun 2023, ya nuna cibiyoyin suna walƙiya da ƙarfi, amma shi ma a fatar katangar ya tsaya. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne cewa taurarin an ƙirga mutuwarsu ɗaya bayan ɗaya, kuma sun isa su ɗauki babban kaso na hasken ko da ramin yana ci ko ba ya ci.

Inda lamarin ya dosa

Wannan hali ba mai ɗorewa ba ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Gas ɗin da ke tsakiyar birnin ya kai nauyin Rana biliyoyi kaɗan, idan kuma ana cinye nauyin Rana 200 a shekara, ga wani kuma ana watsarwa waje, 'yan gomman miliyoyin shekaru sun isa a ga ƙarshensa. Ga Ranar da ta shekara biliyan 4.6, wannan ɗan lokaci ne, kuma gajartar lokacin tana cikin dalilan da suka sa irin waɗannan birane suka yi ƙaranci a kewayenmu.

A 1988 David Sanders da abokan aikinsa suka duba birane 10 mafiya haske a wannan aji, suka ga kusan dukkansu suna cikin karo, suka kuma lura cewa yawansu a sararin samaniya da ƙarfin haskensu sun yi kusa da na kwezar. Daga nan suka kawo ra'ayin da ya zama ƙashin bayan fannin, cewa matakai ne na tafiya guda: birane biyu su yi karo, gas ya taru a tsakiya, taurari su ɓarke da haihuwa a cikin ƙura, baƙin rami ya ƙoshi ya farka, iskarsa ta kore ƙurar har kwezar ya bayyana a fili, daga ƙarshe a bar birni mai siffar ƙwai, marar gas, mai tsofaffin taurari. Babu mai iya zama ya kalli birni guda yana bin waɗannan matakai, don haka sai aka jera birane daban-daban. Tagwayen birane masu lamba NGC 4038 da NGC 4039 suna farkon karo, jikinsu bai gama haɗuwa ba. A NGC 6240 madubin eksire na Chandra ya ga baƙaƙen ramuka biyu duka a farke. Markarian 231 ya wuce Arp 220 a tafiyar, domin kwezar ɗinsa ya riga ya leƙo, kuma a 2010 an auna gas mai nauyin ɗaruruwan Rana yana ficewa daga cikinsa kowace shekara. NGC 7252 kuwa ya lafa, jikinsa ya fara ɗaukar siffar ƙwai, sai ragowar wutsiyoyi da ke tona asirin abin da ya faru.

Jerin yana da kyau, amma ya kamata a riƙe shi da hankali, domin mai jerawa ne ya zaɓi abin da zai sa a kowane gurbi. Farkonsa da ƙarshensa suna da hujja mai ƙarfi, tsakiyarsa ce ba ta zama dole ga kowane birni ba, tun da ba kowane karo ne yake ƙarewa da kwezar ba. Game da ƙarshen ma akwai gyara, domin da Genzel da Linda Tacconi suka auna gudun taurari a cikin waɗannan birane a farkon shekarun 2000, sun samu cewa abin da za su zama birane ne masu siffar ƙwai matsakaita, ba ƙattin da ake gani a tsakiyar manyan tarukan birane ba.

Da aka duba can baya

A kewayenmu, LIRG da ULIRG kaso kaɗan suke bayarwa na hasken ƙasa-da-ja, kuma da a nan labarin ya tsaya da sun zama abin al'ajabi kawai. A 1996 Jean-Loup Puget da abokan aikinsa a Faransa suka tace bayanan tauraron ɗan'adam mai suna COBE, suka gano wani dusashen hasken ƙasa-da-ja da ke zuwa daga kowace fuska ta sama, wanda jimillarsa ta yi daidai da ta duk hasken taurarin da ake gani kai tsaye. Ma'anar haka ita ce kimanin rabin hasken da taurari suka fitar tun farko ta hannun ƙura ya iso gare mu. Biranen da ke kusa ba su da ƙurar da za ta yi wannan aiki, don haka dole a can baya an yi birane masu ƙura da yawa waɗanda ba a gani ba.

A 1997 aka fara ganinsu, lokacin da Ian Smail da Rob Ivison da Andrew Blain suka yi amfani da kyamarar SCUBA, wadda ke kan madubin James Clerk Maxwell mai faɗin mita 15 a tsaunin Mauna Kea na Hawaii, tana auna haske a maikiromita 850. Akwai wata sa'a a wannan tsawon igiya. Faɗaɗar sararin samaniya tana miƙe igiyar hasken da ya yi doguwar tafiya, saboda haka hasken da birni mai nisa ya fitar a inda ƙurarsa ta fi ƙarfi yakan miƙe ya matso kusa da inda kyamarar take aunawa, wannan ƙari kuma ya rama dusashewar da nisa ke jawowa. Birni irin Arp 220 zai bayyana da kusan ƙarfi ɗaya a wannan kyamara ko haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 8 ko 13. A 1998 aka juya kyamarar zuwa wani ɗan fili a sama da Hubble ya zura wa ido a 1995 ya ga birane kusan 3,000, sai ga shi abin da ya fi haske a wurin, wanda aka sa wa suna HDF850.1, babu shi a hoton Hubble ko kaɗan. Sai a 2012 aka iya tantance nisansa, aka samu cewa haskensa ya taso ne kimanin shekara biliyan 1.1 bayan farkon sararin samaniya. Scott Chapman ya nuna a 2005 cewa akasarin biranen da SCUBA ta gano haskensu na shekara biliyan 10 zuwa 11 da suka wuce ne, madubin Spitzer kuma ya nuna cewa shekara biliyan 8 da suka wuce biranen ajin LIRG ne suke ɗauke da mafi yawan haihuwar taurari. Da aka tattara ma'aunai duka, kamar yadda Piero Madau da Mark Dickinson suka yi a 2014, sai ya bayyana cewa haihuwar taurari ta kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 3.5 bayan farko, tana ninka ta yau kusan sau 10, kuma abin da yake da wuyar samu a yau a wancan zamani ruwan dare ne.

A nan ne aron ya shigo. Ga kowane birni mai nisa, abin da mai bincike yake da shi a lokacin bai wuce awo ɗaya ko biyu ba, alhali yana bukatar sanin jimillar hasken. Sai ya ɗauko cikakken zanen hasken Arp 220 ko na wani ɗan'uwansa na kusa, wanda aka auna a kowane tsawon igiya, ya ɗora shi a kan ɗigon da yake da shi, ya karanta sauran daga zanen. Tare da zanen kuwa bayanin ma ya biyo, aka ɗauka cewa duk birnin da ya kai hasken Rana tiriliyan 1 karo ne ya haddasa shi, kuma zamanin ƙololuwa zamanin karon birane ne.

Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Herschel, wanda aka harba a Mayun 2009 da madubi mai faɗin mita 3.5, shi ne ya auna hasken ƙurar waɗannan birane kai tsaye daga maikiromita 70 zuwa 500, kuma abin da ya samu bai yi daidai da zanen ba. Ƙurarsu ta fi ta Arp 220 sanyi. Alamar wasu manyan ƙwayoyin kabon, wadda take da rauni a matsattsiyar cibiya irin ta Arp 220, a wurinsu tana da ƙarfi, kuma wannan ya sa lissafin da aka yi daga awon Spitzer na maikiromita 24 ya zarce gaskiya ninki-ninki ga biranen zamanin ƙololuwa. Tun a 2007 ma ƙungiyoyin Kai Noeske da Emanuele Daddi da David Elbaz sun riga sun nuna cewa a kowane zamani yawancin birane suna haihuwar taurari ne daidai gwargwadon nauyinsu, suna bin layi guda, kuma layin gaba ɗayansa ne yake hawa idan aka koma baya. Giulia Rodighiero ta ƙirga waɗanda suka kauce wa layin zuwa sama a 2011, wato masu ɓarkewa irin ta Arp 220, ta samu cewa a zamanin ƙololuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ne na birane masu haihuwar taurari, kuma kashi 10 kacal suke bayarwa na jimillar haihuwar.

Bambancin yana wajen gas. Babban birni mai siffar faifai a yau gas ɗinsa bai fi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin taurari da gas ɗinsa ba, amma a wancan zamani yakan kai rabi, kuma sabo yana ta kwararowa daga waje. Irin wannan birni yana iya haihuwar taurari masu nauyin Rana 100 ko 200 a shekara, a baje cikin faifai mai faɗin dubban shekarun haske, ya ɗauki ɗaruruwan miliyoyin shekaru yana yi, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Haskensa ya kai na Arp 220, amma sababinsa da girmansa da tsawon ransa duka daban ne, kuma ina ganin laifin na ma'aunin ne tun farko, domin iyakar Rana tiriliyan 1 da aka zana a shekarun 1980 ta dace da kewayenmu ne kawai, inda babu abin da ke kai birni wannan mataki sai karo. Yayin da sararin samaniya ya ci gaba da faɗaɗa, kwararar gas ta ragu, manyan birane suka riga ƙanana cinye nasu, layin ya yi ta sauka har ya zo inda yake a yau.

Duk da haka Arp 220 yana da dangi na haƙiƙa a can baya, su ne mafiya tsanani daga cikin waɗanda SCUBA da Herschel suka gano, masu haihuwar nauyin Rana 1,000 ko fiye a shekara. Su ma sai an yi hattara wajen karanta su, domin a 2013 ALMA ya nuna cewa da yawa daga cikin abin da ake ɗauka birni guda ne, birane biyu ne ko uku da raunin ganin tsohuwar kyamara ya cakuɗa. Haka ya faru da HFLS3, wanda Dominik Riechers ya bayyana a wannan shekara a matsayin birni mai haihuwar nauyin Rana kusan 2,900 a shekara tun sararin samaniya yana da shekara miliyan 880, daga baya aka ga wasu birane biyu da ke gabansa suna lanƙwasa haskensa suna ƙara masa ƙarfi, James Webb kuma ya raba shi zuwa tarin birane da ke gab da haɗewa. Waɗanda suka tsallake wannan tacewa matsattsu ne, masu ɗimbin gas, kuma ba za su iya daɗewa a haka ba. Sune Toft da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa yawansu da nauyinsu da girmansu sun dace da wasu birane masu nauyi ƙwarai amma ƙanana a jiki, waɗanda ake gani sun riga sun daina haihuwar taurari tun shekara biliyan 10 da suka wuce. Waɗannan matattun birane ne ake ganin sun ci gaba da haɗiye ƙananan maƙwabtansu, suna ƙara faɗi ba tare da sun sake kunna wuta ba, har suka zama ƙattin birane masu siffar ƙwai na yau, waɗanda akasarin taurarinsu suka haura shekara biliyan 10.